Zaren Gilashi: Yadda Aka Tsabtace Rairai Har Ya Ɗauki Magana

  

Yau za mu yi magana a kan wani zare. Zaren nan ba a kaɗa shi da mazari, ba a kuma ɗinki da shi. Da gilashi ake yin sa, aikinsa kuwa ɗaukar magana. Idan ɗanka da ke ci-rani a Abijan ya kira ka a wayar hannu, muryarsa takan yi babban rabo na tafiyarta a cikin wannan zare, a siffar haske. Kaurinsa kamar na silin gashi ne. In aka jera guda 8 gefe da gefe, sai su cika milimita 1 kawai.

Ga yadda yake aiki a taƙaice. A bakin zaren akwai wata ƴar fitila da ke kunnuwa tana mutuwa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Kunnuwa da mutuwar nan su ne baƙaƙen saƙon, kamar yadda yara kan yi wa juna alama da tocila da dare. A ɗaya bakin akwai na'urar da ke karanta alamun, ta mai da su murya ko rubutu ko hoto.

Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan. Mutane sun san haske yana iya bin hanya mai lanƙwasa tun shekarar 1841, amma sai a 1970 aka samu zaren da zai kai shi nesa. Shekara 129 ke nan. Abin da ya tsai da su, dauɗa ce a cikin gilashi. Tarihinmu na yau, tarihin yadda aka raba gilashi da dauɗarsa ne.

Haske ya bi ruwa

A shekarar 1841, a birnin Janeba na ƙasar Suwis, wani malamin jami'a mai suna Daniel Colladon ya huda tankin ruwa a gefe, ya haska fitila ta bayan hudar cikin ɗaki mai duhu. Ruwa ya fito ya lanƙwasa zuwa ƙasa, sai haske ya ƙi wucewa kai tsaye, ya bi ruwan har inda ya zuba. A 1854 wani masani, John Tyndall, ya nuna wa jama'a irin wannan a Landan. Ku ma kuna iya gwadawa da dare, da gorar roba mai haske da ƙusa da tocila.

Me ya kawo haka? Gudun haske ba ɗaya ba ne a cikin kowane abu. A cikin iska yana cin kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa. A cikin gilashi kuwa wajen 200,000 yake ci. To, idan haske yana cikin abin da ke rage masa gudu, ya zo iyaka da abin da ya fi sauƙin gudu, kuma ya zo a kaikaice, ba ya ƙetarewa. Iyakar sai ta zame masa madubi, ya komo ciki. Haka zai yi ta bugun wannan bango yana komawa wancan, har ya fita ta ƙarshen hanya.

Abin da ruwa ya yi, sandar gilashi ma tana yi. Saura a mai da sandar siririya, yadda za ta lanƙwasu ba ta karye ba. A 1887 wani Bature ɗan Ingila, Charles Vernon Boys, ya yi wata dabara mai ban dariya. Ya narkar da farin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira kwarz, ya liƙa gefensa a jikin kibiya, ya harba da baka. Kibiya ta tafi tana jan narkakken dutsen a bayanta, ya zama zare mai laushi, ya fi na gizo-gizo sirantaka. Shi don awon abubuwa marasa nauyi yake son zaren, amma ya nuna cewa dutse ma yana kaɗuwa.

A 1930 wani ɗalibin likita a birnin Munik na Jamus, Heinrich Lamm, ya ɗaure zaruruwan gilashi dami guda, ya tura hoton wayar cikin ƙwan fitila daga wannan baki zuwa wancan. Burinsa likita ya leƙa cikin tumbin majinyaci ba tare da an yanka shi ba. Hoton ya fito dishi-dishi, aikin bai ci gaba ba.

An sa wa zare riga

Dalilin dishi-dishin nan shi ne zaren tsirara yake. Duk inda zare ya taɓa ɗan'uwansa, ko maiƙon yatsa ya shafe shi, ko ya ƙarzu, madubin nan na iyaka ya lalace, haske ya tsiyaye kamar ruwa a tulu mai tsaga.

A watan Janairu na 1954 wata mujallar masana ta Ingila ta buga rahoto biyu tare. Ɗaya na Harold Hopkins da ɗalibinsa Narinder Kapany, ɗan ƙasar Indiya, waɗanda suka tura hoto ta cikin damin zare a Landan. Ɗayan na Abraham van Heel ne, a ƙasar Holan, wanda ya lulluɓe kowane zare da wata riga ta roba mai haske, don kada iyakar ta taɓu.

Wanda ya gyara rigar yadda ya kamata, yaro ne ɗalibi a jami'ar Mishigan ta Amurka, sunansa Lawrence Curtiss. A watan Disamba na 1956 ya ɗauki sandar gilashi ya zura cikin bututun gilashi na wani iri dabam, ya narkar da bakinsu tare, ya ja. Sai ga zare mai zuciya da riga, dukansu na gilashi. Ku tuna da karan dawa: totuwa a ciki, ɓawo a waje. Haske yana bin zuciyar, rigar tana tsare shi. Har yau a kan wannan siffa ake yin zaren.

Likitan da Curtiss ke yi wa aiki, Basil Hirschowitz, mutumin Afirka ta Kudu, ya haɗa na'urar leƙen ciki da wannan zare. A watan Fabrairu na 1957 ya fara haɗiye ta da kansa, kafin ya gwada a kan majinyaci. Na'urar leƙen tumbi mai lanƙwasa da likitoci suka samu, daga nan ta faro.

Amma tsakanin bakin mutum da tumbinsa bai kai mita 1 ba. Zaren wancan zamani gajerar tafiya kaɗai yake iya yi. In aka zuba haske kashi 100 a bakinsa, kafin a yi mita 20 saura kashi 1. Wanda yake son ya kai magana daga gari zuwa gari, ina amfanin mita 20 gare shi?

Ruwa ba ya tsami banza

A 1960 aka ƙera fitilar leza ta farko a Amurka. Haskenta tsantsa ne, siriri, mai ƙarfi, kuma masana suka gane zai iya ɗaukar magana fiye da wayar jan ƙarfe nesa ba kusa ba. Sai dai ta ina za a bi da shi? A sararin sama hazo da ruwan sama da ƙura suna tare shi. Manyan injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka suka zuba kuɗi mai yawa wajen gwada bututu mai rami da za a binne a ƙasa. Gilashi kuwa, galibin masana sun yanke masa ƙauna. A ganinsu halinsa ke nan, yana shanye haske.

A garin Harlo na Ingila, a ɗakin binciken kamfanin STL, akwai wani injiniya saurayi mai suna Charles Kao, haifaffen birnin Shanghai na ƙasar Sin a 1933. Shi bai tsaya ga cewa gilashi yana shanye haske ba. Ya tambaya: mene ne a cikin gilashin yake shanye shi? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ku dubi gilashin taga. Ta fuskarsa garau yake, don siriri ne. Amma ku dube shi ta gefe, inda aka yanka, za ku gan shi kore-kore. Koren nan baƙin ƙarfe ne da ya shigo tare da rairai. Gilashin yau da kullum da rairai da kanwa da farar ƙasa ake dafa shi, kuma kowannensu yana zuwa da ƴar dauɗarsa. Tukunyar da ake narkar da su ma tana ƙara tata.

Kao da abokin aikinsa George Hockham suka yi awo, suka yi lissafi. A 1966 suka buga sakamako. Suka ce mafi yawan hasken da ke ɓacewa, baƙin ƙarfe da sauran ƙarafan da suka gauraya da gilashin ne ke cinye shi. In aka fitar da su, haske zai yi kilomita 1 kafin ya ragu zuwa kashi 1 cikin 100, kuma wannan ya isa a yi wayar tarho da shi. Masana suna auna raguwar haske da wani ma'auni mai suna desibel. Zaren lokacin yana asarar desibel wajen 1,000 a kilomita. Kao ya ce a sauko da shi zuwa 20.

Kao ba maƙerin gilashi ba ne. Ya nuna inda cutar take, magani kuwa yana hannun wasu. Ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa yana roƙon masu gilashi su gwada, da yawa suka saurare shi don ladabi kawai. Tsabtar da yake nema ta wuce hankali: a cikin ƙwaya miliyan dubu, ƙwayoyin baƙin ƙarfe kada su wuce ƴan kaɗan da za a ƙirga da yatsu. Wace mata ce za ta tsince tsakuwa daga gero har haka?

Tururi ba ya ɗaukar laka

Ma'aikatar gidan waya ta Ingila ta ɗauki maganar Kao da muhimmanci, kuma ta bakinta labari ya kai kamfanin Corning, wani tsohon gidan gilashi a jihar Niyok ta Amurka. A can aka ba wani masani, Robert Maurer, aikin. Ya samu mataimaka biyu matasa, Peter Schultz masanin haɗin gilashi, da Donald Keck wanda ke jan zare yana auna shi.

Sauran masu bincike sun bi hanyar da kowa zai bi: a nemi rairai mai kyau, a wanke, a sake wankewa, a narkar. Mutanen Corning suka bi wata hanya dabam, wadda wani ma'aikacinsu mai suna Frank Hyde ya gano tun 1934.

Ku saurara da kyau, nan ne cibiyar labarin. In mace ta ɗora ruwan tabki mai laka a wuta ta rufe da faifan ƙarfe, ɗigon da ke taruwa a jikin murfin garau yake. Laka tana zama a tukunya, tururi ya tashi shi kaɗai. To, asalin rairai wani sinadari ne da ake kira silikon. In aka haɗa silikon da kulor, wato sinadarin nan mai wari na ruwan jabel, sai a samu wani ruwa da ke tafasa tun zafi bai kai digiri 60 ba. Tururinsa yana tashi ya bar baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa a baya, don su ba su tashi da ɗan wannan zafi. Hyde ya hura tururin nan cikin harshen wuta, sai ya ƙone ya zama wata farar ƙura mai laushi, kamar kunkunniyar ɗakin girki, sai dai fara fat. In aka gasa ƙurar, sai ta narke ta haɗe, ta zama gilashin da ake kira silika, wanda babu kanwa babu farar ƙasa a cikinsa. Rairai ne tsantsa da bai taɓa shiga tukunya ba.

Silika yana da wuyar sha'ani biyu. Na farko, ba ya kaɗuwa sai zafi ya kai wajen digiri 2,000, tanderun da zai jure haka kuwa ba ko'ina ake samunsa ba. Na biyu, haske yana gudu cikinsa fiye da kusan kowane gilashi. Mun ce dole riga ta fi zuciya sauƙin gudu. In silika ya zama zuciya, da me za a yi riga? Sai suka juya al'amarin. Suka bar silika tsantsa ya zama riga, zuciya kuwa suka barbaɗa mata ɗan wani ƙarfe mai suna titaniyom don ya rage wa haske gudu. Wato bayan sun kori dauɗar da ba su gayyata ba, suka sa wadda suka zaɓa da awo, kamar gishiri a miya.

Saura yadda za a shigar da farar ƙurar cikin bututu. Schultz da Keck suka ɗauko injin shara mai zuƙar ƙura da ke ɗakin aikinsu, suka sa shi a ƙarshen bututun silika, ya riƙa jawo ƙurar daga harshen wuta tana liƙewa a bangon ciki. Suka gasa bututun, ramin tsakiya ya rufe, suka ja zare. Sun yi haka sau da yawa ba nasara.

Wata Jumma'a da la'asar, a watan Agusta na 1970, Keck ya ɗora sabon zare a kan ma'auni, ya haska leza a bakinsa. Haske ya fito ta ɗaya bakin da ƙarfin da bai taɓa gani ba. Lissafi ya nuna asarar desibel wajen 17 a kilomita, ƙasa da 20 ɗin da Kao ya nema. Shekara 4 ke nan bayan rahoton Kao. A wannan shekara kuma, masana a Leningirad ta Tarayyar Sobiyet da na kamfanin Bell suka samu ƴar leza ƙarama kamar ƙwayar rairai, mai ci ba tsayawa ba tare da an sanyaya ta ba. Hanya ta samu, fitila ta samu.

Zaren farko yana da aibi. Titaniyom yana sa a sake gasa zaren bayan an ja shi, gashin kuwa yana sa shi saurin karyewa. A 1972 mutanen Corning suka musanya titaniyom da wani sinadari mai suna jarmaniyom. Zare ya daina karyewa, asara ta sauko zuwa desibel 4. Har yau jarmaniyom ne gishirin zuciyar galibin zaren da ake yi.

Hanya uku ta yin uwar zare

Abin da aka yi sau ɗaya a ɗakin bincike, sai an iya yin sa kullum a masana'anta, da araha, kafin ya amfani jama'a. Ba a yin zaren kai tsaye. Ana fara yin wata sandar gilashi mai kauri, da zuciyarta da rigarta a shirye. Mu kira ta uwar zare. Cikin shekarun 1970 aka ƙago hanya uku manya na yin ta, kuma dukansu daga tururi suke farawa.

Ta farko ta Corning ce, ana tara ƙura ta waje. Ana kafa wani tsinke yana juyawa, harshen wuta yana kai da kawowa a jikinsa yana fesa farar ƙura, shafi bisa shafi. Ƙurar farko mai jarmaniyom ce, ita ce zuciya. Ta baya tsantsa ce, ita ce riga. In ta yi kauri sai a zare tsinken, a gasa ƙurar ta zama sanda garau.

Ta biyu John MacChesney da abokan aikinsa na kamfanin Bell suka bayyana ta a 1974, ana tara ƙura ta ciki. Bututun silika yana juyawa, tururi yana bi ta cikinsa, wuta kuma tana tafiya a waje tana gasa shi. Ƙura tana samuwa a ciki ta kwanta a bango, wutar da ta biyo baya ta narkar da ita nan take. A maimaita sau da yawa, sa'an nan a ƙara wuta har bututun ya tsuke ya zama sanda. Amfanin wannan hanya, harshen wuta da iskar ɗaki ba su taɓa zuciyar ko kaɗan.

Ta uku daga Japan ta fito a 1977, daga Tatsuo Izawa da abokansa na kamfanin tarho na NTT. Su a gindin sanda suke fesa ƙurar, sandar tana juyawa ana ɗaga ta sama sannu-sannu, uwar zare tana tsawo ta ƙasa. Babu tsinken da za a zare, babu bututun da zai ƙayyade girma, saboda haka ana samun uwa doguwa mai kauri.

Bayan an kori baƙin ƙarfe, sai wani ɓarawon haske ya bayyana, wanda ba a zata ba: ruwa. Harshen wuta yana haifar da laima, ɗan abin da ya maƙale cikin gilashi kuwa yana shan haske. Maganinsa shi ne a busa iskar kulor cikin ƙurar tun tana da ƙofofi, kafin a gasa ta, ta kwashe laimar. Da wannan da sauran gyare-gyare, masanan NTT suka kai asara desibel 0.2 kawai a 1979, da wani irin haske da idon mutum ba ya gani.

Malamai, ku rubuta wannan a allo. Tsawon da haske ke yi kafin ya ragu zuwa kashi 1 cikin 100:

1966, mita 20.
1970, kilomita 1 da ɗoriya.
1972, kilomita 5.
1979, kilomita 100.

Daga mita 20 zuwa kilomita 100, ninki 5,000 ke nan cikin shekara 13.

Kaɗin gilashi

Yanzu ga uwar zare a hannu, saura kaɗi. Ana yin sa a wata hasumiya mai tsawon bene hawa da yawa. A can ƙoli ake rataye uwar, bakinta cikin tanderu mai zafin digiri wajen 2,000. Bakin ya yi laushi, wani gudan gilashi ya ɗigo kamar zuma yana jan zare a bayansa. Ma'aikata su yanke gudan, su kama zaren su sa a injin ja.

Wanda ya taɓa kallon mai alewa yana jan alewa mai ratsin ja da fari ya san cewa komai sirancewarta ratsin yana nan. Haka zuciya da riga suke sirancewa tare, kowace a mazauninta. Zuciyar da haske ke bi ba ta kai kashi 1 cikin 10 na faɗin zaren ba. A kan hanyar saukowa wata na'ura tana auna kaurin zaren ba ƙyaftawa. In ya so yin kauri injin ya ƙara sauri, in ya so sirancewa ya rage.

Kafin zaren ya taɓa komai, sai ya bi ta cikin wani ɗan kasko na ruwan roba, wata fitila ta busar da robar nan take. Dalili kuwa, sabon zaren gilashi yana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙarzuwa ɗaya ta isa ta kashe shi. Ai kun ga mai yankan gilashi: layi ɗaya yake ja da ɗan dutsensa, gilashi ya rabu biyu. Daga nan a naɗe zaren a kan ƙwarya, a sake warware shi ana ja da ƙarfi da gangan, don in akwai wuri mai rauni ya tsinke tun a masana'anta. Uwa guda babba ta zamanin yanzu tana ba da zare na dubban kilomita.

Daga masana'anta zuwa ƙarƙashin teku

A 1977 aka fara bi da maganar tarho ta jama'a cikin zaren gilashi a wasu birane, kamar Shikago a Amurka. A 1987 David Payne da abokansa na jami'ar Sawthamton a Ingila, da kuma masanan Bell, suka nuna cewa in aka sa wa guntun zare wani sinadari mai suna arbiyom, yana ƙara wa hasken da ya gaji ƙarfi a kan hanya, ba sai an mai da shi lantarki ba. A ƙarshen 1988 igiyar zaren gilashi ta farko ta ƙetare tekun Atlantika, ta haɗa Amurka da Ingila da Faransa. Igiyar tarho ta jan ƙarfe da aka fara shimfiɗawa a tekun nan a 1956 magana 36 take ɗauka a lokaci guda. Ta 1988 tana ɗaukar 40,000.

A 2002 igiyar da ake kira SAT-3 ta fara aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, tana leƙawa Dakar da Abijan da Akra da Kwatano da Legas da Duwala. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, saboda haka ta ƙasashen maƙwabta, kamar Benin, zaren yake hawowa, a binne a gefen manyan hanyoyi. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kodibuwa, intanet ya yi rauni ko ya yanke a ƙasashe da dama na yankinmu, bankuna da ƴan kasuwa suka ji a jikinsu. Ranar ce mutane da yawa suka san akwai wani zare da suke rataye a kai.

Don haka, jama'a, in kuka ga alamar da ke nuna an binne igiya a gefen hanya, kada a haƙa rami ko a ɗebi ƙasar gini a wurin. Zaren kansa ba jan ƙarfe a cikinsa, wanda ya tono shi don sayarwa ya yi wahalar banza, ya kuma yanke wa garuruwa magana da asibiti da ƴan'uwansu na nesa. In kuma kuka tarar da igiya a tsinke, kada a kai bakinta kusa da ido, don hasken cikinta ba a ganinsa amma yana iya cutarwa. A sanar da hukuma.

Shi kuwa Charles Kao, a 2009 aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyya, shekara 43 bayan rahotonsa. Lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi, matarsa ce ta karanta jawabinsa a madadinsa. Ya rasu a 2018. Shi ya yi tambayar, Hyde ya bar dabarar tururi tun 1934, mutanen Corning suka haɗa biyun, na Bell da na Japan suka mai da abin sana'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga tambayoyin da ƙungiyoyi za su tattauna a kai bayan shiri:

1. Me ya sa gefen gilashin taga yake kore?
2. Mene ne amfanin rigar da aka sa wa zare?
3. Don me aka bi ta tururi maimakon a wanke rairai?
4. Daga 1966 zuwa 1979 shekara nawa ne?

Malamai su tattara amsoshi su aiko mana yadda aka saba. Nan muka kawo ƙarshen shirin yau. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.